An Ce Ka Yi Laifi: Wa Ya Faɗa, Kuma da Wane Ma'auni?

 Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu makiyaya da ke bayan raƙuma da bisashe, da yayyenmu direbobi da fatake da ke kan hanya tsakanin Agadas, Dirku, Madama, Gatrun har zuwa Sabha. Wanda ke tuƙi ya riƙe sitiyarinsa da kyau, kunnensa kawai muke aro.

Maganar yau daga saƙonninku ta fito. A 'yan makonnin nan saƙon murya ya yi ta shigo mana daga gonakin Fezzan, musamman daga Ghuddwa, garin nan da ke kudu da Sabha a kan hanyar Taragin da Murzuk, inda 'yan'uwanmu da dama ke kiwo da ban-ruwa a gonakin mutane. Muryoyin daban-daban ne, amma labarin kusan ɗaya. Mutum ya yi wata biyar ko shida yana aiki, ranar da ya ce a yi masa lissafi zai je ganin gida, sai mai gona ya ce ai ka yi laifi, akuya biyu sun ɓata a hannunka, ko injin ban-ruwa ya ƙone kana nan. Saboda haka babu ko dinari ɗaya. Masu dukiya ma ba su yi shiru ba. Akwai mai cewa ya yi wa direba lodin katan ɗari na taliya a Sabha, ya iso Agadas da casa'in, aka tambaye shi ya ce masu shinge ne suka karɓe a hanya. Akwai mai cewa ya bar wa makiyayi tumaki, duk wata sai an ce masa dila ya ci ɗaya, kai ka ce dilan albashi yake ɗauka.

To, duka ɓangarorin biyu kalma ɗaya suke jifan juna da ita, wato laifi. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu buɗe cikin kalmar nan mu ga abin da ke ciki. Ni yaro ne, aikin jarida na karanta ba shari'a ba, don haka abin da zan kawo muku shi ne abin da ke rubuce a littattafan fiƙihu da dokokin ƙasashen nan uku da kuke ratsawa. Hukuncin shari'ar wani da wani kuwa, wannan na alƙalai da malamai ne.

Mu fara da Hausarmu, domin Bahaushe bai taɓa zuba komai a ƙwarya ɗaya ba. Akwai asara, abin da ya faɗo ba da hannun kowa ba: cuta ta shiga garke, guguwa ta raba ayari, tsawa ta kashe taguwa. Akwai kuskure, ka yi niyyar daidai sai abin ya kauce. Akwai sakaci, ka san abin da ya kamata ka yi amma ka yi kwance, ka bar ƙofar garka a buɗe ka tafi shan shayi. Akwai ganganci, ka ga haɗarin da idonka ka ce ba komai. Akwai ta'adi, ka ƙetare iyakar da aka gindaya maka. Can ƙarshe kuma akwai cin amana, ka sayar da ragon mutane ka ɗora wa dila. Duk wanda ya tashi a gidan kiwo ya san waɗannan ba nauyinsu ɗaya ba. Amma da zarar an zo wajen lissafin kuɗi, sai mai ƙarfi ya dunƙule su duka ya kira su laifi, domin dunƙulewar ta fi masa riba.

Abin da ma'aikatan ofis da lauyoyi ke kira rashin ɗa'a ko saɓa ƙa'idar aiki, daga sakaci yake farawa ya yi gaba. Asara ba ta ciki. Kuskuren da mai hankali ma zai iya yi, shi ma galibi ba ya ciki. Kafin a ce mutum ya saɓa ƙa'ida, sai ƙa'idar ta kasance tana nan tun kafin abin ya faru, kuma ya san da ita, kuma an nuna da hujja cewa shi ne ya taka ta, kuma an ji ta bakinsa. Ku riƙe wannan, za mu yi ta dawowa kansa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi daga Kano har Turabulus, sun riga dokokin zamani shiga wannan magana da ɗaruruwan shekaru. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ɗan Ƙairawan, ko ya kai ga Mukhtasar na Shaihu Khalil, ya ratsa babin ijara, wato babin ɗaukar mutum aiki da lada. Hukuncin makiyayin da aka ɗauka kiwo a can shi ne, amintacce ne. Ma'ana, dabbar da ta mutu ko ta ɓata ko aka sace a hannunsa, asarar mai dabba ce, kuma maganar makiyayi ake gaskatawa, sai fa in an tabbatar ya yi ta'adi ko sakaci. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai zargi.

Kuma ba su bar ta'adin a dunƙule ba, sun kawo misalai irin waɗanda za ku gane nan take. An ce maka kada ka kai dabbobi wuri kaza, saboda ɓarayi ko wata muguwar ciyawa, ka kai su, suka halaka: za ka biya. Ka saki namiji a kan mata ba da izinin mai su ba, wata ta mutu a dalilin haka: za ka biya. Har barci sai da suka yi magana a kansa. Ɗan rintsawar tsakar rana da kowane makiyayi ke yi a lokacin zafi, a wurin da ba a jin tsoron komai, ba sakaci ba ne. Amma ka shimfiɗa rawani ka yi ta sharar barci a wurin da ka san akwai ɓarawo ko naman daji, wannan ya zama sakaci. Akwai ma wata mas'ala da nake jin daɗinta: makiyayi ya ga tunkiya za ta mutu, ya yi sauri ya sa mata wuƙa don kada ta zama mushe. Mai ita ya zo ya ce ƙarya ne, nama kake so. Malamai suka ce ana gaskata makiyayin. Kun ga mutanen da suka san daji ke nan.

Sai dai kada iyayena makiyaya su yi saurin tafi. Wasu malaman Magrib na baya, da suka ga amana ta yi ƙaranci a zamaninsu, sun koma ɗora lamuni a kan makiyayin da ke tara dabbobin mutane da yawa yana kiwo, sai in ya kawo abin da zai wanke shi. Wato amincin da shari'a ta ba makiyayi jari ne, kuma masu ɗora wa dila laifi duk wata su ne ke cinye wa sauran wannan jari. Ni a ganina duk makiyayin da ya san abokin aikinsa na sayar da dabbar mutane a ɓoye ya yi shiru, albashin wanda zai zo bayansa yake taya ci.

Ɓarnar gona ma tana da nata ma'aunin. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar sahabi Bara'u ɗan Azib da ta shiga shingen wani ta yi ɓarna, aka yanke cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa yana kan mai dabba. Dabba ɗaya, gona ɗaya, ɓarna ɗaya, amma lokaci ya sauya wanda zai biya, domin tambayar ita ce a wannan sa'ar tsaro yana wuyan wa. A Nijar an ƙara da dokar kiwo ta watan Mayun 2010 da kwamitocin kula da filaye, da ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa bayan girbi. Shiga gona kafin ranar daban, shiga bayanta daban.

Yanzu direbobi, ku matso. Asalin hukuncin mai ɗaukar kaya da lada shi ma amintacce ne. Amma Malikiyya sun cire abu ɗaya, abinci. Wanda aka ba shi dakon abinci, ya zo ya ce ya salwanta, zai biya, sai in yana da shaidu cewa ba da hannunsa ba ne, ko kuma mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Dalilinsu shi ne hannu yana saurin kai wa abinci. To ku dubi abin da ake lodi daga Sabha zuwa Agadas: taliya, man girki, madara, dabino. Kusan duk abinci ne. Saboda haka direban da aka sauke masa katan a shinge, in yana son ya fita, kada ya bari sai ya iso tasha sannan ya ba da labari. A wurin ya sa fasinja biyu su shaida, ya kira mai kaya da zarar ya sami layi. Haka kuma mai sana'ar da ya buɗe shago don jama'a, bakanike ko tela ko maƙeri, shi ke da lamunin abin da aka bar masa a bayan idon mai shi, sai in ya kawo shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. In kuwa a gidanka ya yi aikin kana tsaye, hukuncin ya sauya. Wanda aka ba jari ya juya a raba riba, wato ƙiradi, in kasuwa ta faɗi asarar kuɗin ta mai jari ce, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Amma in an ce masa dabino za ka saro ya je ya saro wayoyi, ya fita daga inuwar amana.

Mu tsallaka zuwa dokokin gwamnati. A Libiya akwai dokar hulɗar ƙwadago mai lamba 12 ta shekarar 2010. Dokar ba ta ce mai aiki ya kori ma'aikaci duk ranar da ransa ya ɓaci ba. Ta jera abubuwan da in ma'aikaci ya yi su za a iya sallamarsa ba tare da wa'adi ba: ya shiga aiki da takardun jabu ko da sunan wani, ya yi abin da ya jawo babbar asarar dukiya, ya yi ta taka ƙa'idojin kare lafiya, ya daina zuwa aiki kwanaki da yawa ba uzuri, ya tona asirin wurin aiki, a same shi a buge a lokacin aiki, ko ya kai wa mai aikin duka. Ku lura, jeri ne rubutacce. Abin da ba ya cikin jerin ba a ƙirƙiro shi ranar biyan albashi.

A Nijar dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ce ke aiki. A can babban laifin da ke sa a kori mutum ba wa'adi shi ne wanda ake kira fot lurd da Faransanci. Amma faɗar mai aiki ba ita ce ƙarshen magana ba. Sai ya rubuta dalilinsa, kuma kotu na da ikon ta duba ta ce wannan bai kai babban laifi ba. Kafin kotu ma akwai sufeton ƙwadago, wanda aikinsa ne ya zaunar da ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. A Najeriya kuwa dokar ƙwadago ta 1974 ta tsara wa'adin sallama daidai da daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Mugun hali na iya kawar da wannan wa'adi, amma ma'aikacin gwamnati dai sai an ba shi takardar tuhuma ya amsa a rubuce kafin a ɗauki mataki, kuma akwai kotun ma'aikata ta ƙasa ga wanda bai gamsu ba.

Ƙasa uku, harshe uku, amma duk sun haɗu a kan cewa mai zargi ba shi ne alƙali ba.

Me ke faruwa in aka bar wa mai ƙarfi shi kaɗai ya fassara kalmar? Dattawan da ke saurarenmu daga Katsina da Daura da Jibiya za su tuna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, Allah ya jiƙansa. An zaɓe shi gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta, a jam'iyyar PRP, alhali 'yan NPN ne suka fi yawa a majalisar dokokin jihar. Majalisar ta ƙi amincewa da mutanen da ya gabatar a matsayin kwamishinoni, ya yi ta mulki ba su, har a watan Yunin 1981 ta tsige shi. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Najeriya. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce babban rashin ɗa'a. To mene ne babban rashin ɗa'a a kundin tsarin mulkin? Kundin ya ce mummunar keta tsarin mulki ne, ko kuma duk halin da majalisa ta ga, a ra'ayinta, ya kai wannan matsayi. Kun ji inda gizo ke saƙa. In ra'ayin mai rinjaye ne ma'auni, to wanda ya fi yawan hannuwa shi ke da gaskiya. Ya je kotu, kotu ta ce kundin ya hana ta sa baki. Har yau wannan fassara tana nan a kundin 1999. Abin da ya ɗan sauya shi ne a 2006, bayan wasu 'yan majalisar jihar Oyo sun taru a otal a Ibadan sun ɗauki matakin tsige gwamna Rashidi Ladoja, kotun ƙoli ta ce tun da ba a bi matakan da kundin ya shimfiɗa ba, tsigewar ba ta yi ba, ya koma kujerarsa a watan Disamba na shekarar.

Wani zai ce ina ruwan mai kiwon akuya a Ghuddwa da rigimar gwamnoni. Ruwansa shi ne, abin da aka yi wa gwamna da majalisa guda shi ake yi masa da mutum ɗaya. Mai gona shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma kuɗin da ake shari'a a kansu suna aljihunsa.

Makaranta ma haka take, kuma da yawanku kuna wahalar nan ne don yara su yi karatu a Damagaram ko Tawa ko Kano. In an aiko maka cewa an kori ɗanka saboda rashin ɗa'a, kafin ka ɗauki bulala ka tambayi abu biyu: wace ƙa'ida ya taka, kuma an zaunar da shi an ji ta bakinsa? A lakwal a Nijar akwai kwamitin ladabtarwa da ke zama kan irin wannan, a Najeriya ma makarantu na da nasu. Akwai shari'ar da lauyoyin Najeriya ba sa mantawa, ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairun 1983 an yi tarzomar ɗalibai a jami'ar, aka yi ƙone-ƙone da wawashe dukiya. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta kori wasu ɗalibai. Sai dai wanda ya shugabanci kwamitin, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. A 1986 kotun ƙoli ta soke korar. Ta ce ba a yi wa ɗaliban adalcin saurare ba, wanda aka yi wa ɓarna ba zai zauna a kujerar mai hukunci ba, kuma zargi irin na ƙona gini da sata aikin kotu ne. Kotun ba ta ce tarzoma abin kirki ba ce. Hanyar da aka bi ce ta ce ba daidai ba.

Satar amsa a jarrabawa kuwa ta wuce ƙa'idar makaranta, ta shiga dokar ƙasa. A zamanin soja, dokar 1984 mai lamba 20 ta sa wa maguɗin jarrabawa ɗaurin shekara 21. Dokar 1999 mai lamba 33 ta sauko da shi: yaron da bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun, malami ko shugaban makaranta ko mai sa ido a ɗakin jarrabawa kuwa, shekara huɗu ba zaɓin tara. Abin da ya ja hankalina shi ne wanda aka fi ba amana shi aka fi tsananta wa. A wuraren aikinmu sau da yawa akasin haka ake yi, ƙaramin yaro ke kwasar hukunci, babba ya karkaɗe rigarsa.

To mu dawo Fezzan, mu faɗi gaskiya. Yawancin masu aiko mana da saƙo ba su da iƙama, ba su da takardar izinin aiki. Dokar Libiya mai lamba 19 ta 2010 ta tanadi ɗauri ko tarar da ba ta wuce dinari 1,000 ba ga wanda ya shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, sannan a fitar da shi. Shi ya sa in mai gona ya ce zan kira 'yan sanda, sai mutum ya ɗauki jakarsa ya bar wata shida a baya. Abin da ba kowa ya sani ba, dokar nan ɗin dai ta sa tarar dinari 1,000 zuwa 3,000 a kan wanda ya ɗauki irin wannan baƙo aiki. Wato mai barazanar shi ma ƙafarsa na cikin tarkon. Ban faɗi haka don wani ya je ya yi fito-na-fito da mai gida a ƙasar da bindiga ta yi yawa tun 2011 ba. Mutanen Ghuddwa sun ga faɗa da idonsu a farkon 2019, sun san yadda abubuwa suke. Na faɗa ne don ku san cewa rashin takarda laifi ne tsakaninka da gwamnati, bai mayar da guminka halal ga wani ba. Limamin garin ma in aka kai masa maganar haka zai ce. Nijar da Libiya sun sa hannu kan wata yarjejeniyar ƙwadago a Yamai a ƙarshen Nuwamban 2021, kuma Nijar na da ƙaramin ofishin jakadanci a Sabha, amma kowa ya san tsakanin takardar da ministoci suka sa wa hannu da garken da ke bayan gari akwai tafiya.

Tun da kotu ta yi nisa, ma'aunin sai an kafa shi tun ranar farko. Ranar da za ka karɓi garke, a ƙirga shi gaban mutum biyu, ɗaya daga ɓangarenka ɗaya daga nasa, a faɗi masu ciki da marasa lafiya da alamar da ke jikin kowace. A faɗi inda aka yarda ka kai su da inda aka hana. A faɗi albashi da ranar biya, da ko abinci da katin waya suna ciki. A faɗi abin da za a yi in dabba ta mutu: wasu na cewa a kawo fata ko kunne, yanzu kuma hoto ya sauƙaƙa komai. Wanda bai iya rubutu ba, wayar da ke aljihunsa ta iya. Ku sa mai gida ya faɗi sharuɗɗan da bakinsa a saƙon murya, ku tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp ya ajiye, domin waya na faɗawa rijiya, kuma ana ƙwace ta a shinge. Kada ku bar albashi ya taru wata shida a hannun mutum da sunan ajiya. Tarin nan shi ne ke haifo da laifin da ba a taɓa ambata ba a wata na farko. Mai ban-ruwa kuma, in ka ji injin ya sauya kuka, ka faɗa a ranar, gaban wani. In ka faɗa aka ƙi gyarawa, sakacin ya bar wuyanka.

In kuma da gaske ka yi sakaci, akuya ta tafi a dalilinka, to kuɗin akuya za ka biya. A kira masu sanin kasuwar dabbobi su yi mata kima, a cire daga haƙƙinka, a ba ka saura. Akuya biyu ba sa cinye ladan wata shida. Wanda ya riƙe duka da sunan hukunci, shi ma ya yi ta'adi, domin saɓa ƙa'idar aiki ba ta ma'aikaci kaɗai ba ce. Jinkirta albashi ba dalili, riƙe fasfo ko katin shaidar mutum, sa shi aikin da ba a yi da shi ba, barin makiyayi a daji ba ruwa ba abinci, duk suna cikinta. Wannan kuma ban keɓe Larabawa ko Tubawa ko Buzaye da shi ba. Alhazanmu Hausawa masu shaguna a Sabha da masu motoci a Agadas, wasunku abin da kuke yi wa yaran shago da yaran mota bai fi wannan kyau ba, ku yi mini afuwa. Yaro ya yi shekara uku yana bauta, lokacin sallama ya zo, sai a tuna wata dubu goma da ta ɓata bara.

Ga masu dukiya kuma da ke jin an cuce su, hanyar ɗaya ce. Kada ka yanke hukunci kai kaɗai cikin fushi. Kai maganar gaban shugaban 'yan ƙasarku na garin, ko sarkin tasha, ko liman, wanda ba shi da ko sisi a cikin kuɗin. Ka kawo hujjarka, shi ma ya faɗi tasa, in babu hujja akwai rantsuwa. In ka kore shi ba a yi haka ba, ko da kai ne mai gaskiya, labarin da zai isa ƙauyensu shi ne ka cinye masa kuɗi, kuma baɗi in ka nemi makiyayi daga wannan ƙauyen za ka ji amsar da za a ba ka.

Lokaci ya cim mana. Wanda ke da irin wannan matsala ya ci gaba da aiko da saƙo ta lambar shirin, amma kada ku ambaci sunan mai gidanku ko na gonarsa, ba za mu sa shi a iska ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zo da malamin fiƙihu ya amsa tambayoyinku kan kiwon raba 'ya'ya da lamunin dabbar aro. A sauka lafiya.